Tarihin Akwatin Juya Wuta, Ɗan Canjin Cikin Mota

Ya kai mai karatu, in kana hawa mota tsakanin Tsibiri da Maraɗi, ko kana zama a tasha jiran mota ta cika, wataƙila ka taɓa ganin wani ɗan akwatin ƙarfe kusa da direba. Girmansa bai wuce littafi mai kauri ba. A bayansa akwai waya biyu, ja da baƙa. A gabansa kuma akwai soket irin na bangon ɗaki. Masu jin Faransanci suna ce masa konbatisar, ƴan Najeriya suna ce masa inbata. Mu a nan za mu kira shi akwatin juya wuta, don aikinsa ke nan. Yana karɓar wutar batirin mota, ya juya ta, ta zama irin wadda NIGELEC ke kawowa gidaje.

Mutane da yawa sun saye shi suna murna. Waɗansu sun daɗe suna jin daɗinsa. Waɗansu kuwa gari ya waye musu mota ta ƙi tashi, waɗansu waya ta narke, waɗansu talabijin ta ƙone. Akwatin ɗaya ne, sani ne ya raba su. Saboda haka bari mu bi tarihinsa daga tushe. In ka san dalilin da ya sa aka ƙera shi, za ka san abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Wuta iri biyu ce

A shekarar 1800 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya haɗa batir na farko. Daga sunansa aka samo kalmar bolt. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Plante, ya yi batir na dalma da ruwan asid, wanda in ya ƙare ana iya sāke cika shi. Jikan wannan batir ne ke cikin motarka yau. Wutar batir hanya ɗaya take bi, kamar ruwan gulbi, ba ta komowa baya. Mu kira ta miƙaƙƙiyar wuta.

Da irinta Thomas Edison ya fara raba lantarki ga gidaje a birnin Niyu Yok na Amurka a 1882. Amma tana da aibi guda: ba ta tafiya nesa. Kafin ta yi kilomita biyu cikin waya ƙarfinta ya rage ƙwarai. Da ita muke aiki har yau, da injin da ke Maraɗi bai haska Tsibiri ba, sai an kafa wa kowane gari nasa, kai, har kowace unguwa.

Sai ga Nikola Tesla da attajirin da ya tsaya masa, George Westinghouse, suka ɗauki wata iri. Ita wannan zuwa take tana komowa cikin waya, kamar hannun mai niƙa a kan dutse. Mu kira ta wuta mai kai da komo. Kyanta shi ne ana iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma, a tura ta nesa, a sauke ƙarfin in ta iso gari. Aka yi ta gardama tsakanin ɓangarorin biyu. A 1893 wutar Westinghouse ta haska babban bikin baje koli na Shikago. A 1896 aka tura ta daga magangarar ruwa ta Niyagara zuwa garin Bafalo, tafiyar fiye da kilomita 30. Daga nan gardama ta mutu. Wayoyin garuruwa suka zama nata, masu ƙera kayan gida kuma suka bi ta. A ƙasarmu tana zuwa da bolt 220, tana kai da komo sau 50 a cikin sakan ɗaya.

To, amma ita ma da nata aibin: ba ta ajiyuwa. Batir ba ya riƙe komi sai miƙaƙƙiya. Ka ga inda aka rabu ke nan. Wadda ke tafiya nesa ba ta zama cikin rumbu, wadda ke zama cikin rumbu ba ta dace da kayan gida ba.

Mota ta bi batir

Motocin farko da hannu ake tayar da su. Mutum ya tsaya a gaba ya murɗa wani hannun ƙarfe, in injin ya yi tutsu ya karya masa hannu. A 1912 kamfanin Cadillac ya fito da mota mai tashi da wutar batir, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Tun daga nan batir ya samu wurin zama a cikin mota. Da farko mai bolt 6 ne. Cikin shekarun 1950, da injuna suka ƙara girma, aka koma bolt 12. Manyan motocin kaya kuma galibi bolt 24 suke, batir biyu a jere.

Ka lura da abin da aka yi batirin mota dominsa. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin ƴan sakan kaɗan, injin ya tashi, sa'an nan altanato ya mayar masa da abin da ya kashe. Dokin sukuwa ne, ba raƙumin ayari ba. Riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Yadda aka samu ɗan canji

Da duniya ta rabu gida biyu haka, tilas a nemi mai shiga tsakani. Na farko manyan injuna ne masu juyawa: wuta iri ɗaya ta juya injin, injin ya juya wani, wata iri ta fito. Suna da nauyi da ƙara. A 1925 wani injiniya na kamfanin General Electric, David Prince, ya rubuta bayani kan na'urar da ke yin wannan aiki, a nan sunan nan inbata ya fito fili. Cikin shekarun 1930 aka fara sa rediyo a mota, shi kuwa rediyon zamanin yana son bolt da yawa. Sai aka yi wani ɗan harshen ƙarfe mai karkarwa, yana kunna wutar batir yana kashewa da sauri, har taransifoma ta iya ɗaga ta. Kana kunna rediyo sai ka ji shi yana kuka kamar zuma, kuma bai daɗewa ya cinye.

A 1947 aka gano taransista a Amurka, ɗan ƙanƙanen abu mai kunna wuta da kashewa ba tare da wani abu ya motsa ba. Shi ne ya canza kome. Aka yi ta gyara shi shekara da shekaru, yana ƙara ƙarfi yana ƙara araha, har injin da dā sai an yi masa ɗaki ya koma ɗan akwatin da kake gani a kasuwar Maraɗi.

Kai da kake kusa da iyaka, ka san ƴan canji, ko a Maraɗi ko a Ɗan Isa. To, akwatin nan ɗan canji ne. In kana son takardar jika ɗaya, sai ka ƙirga dala 200 ka ba da. Kuɗinka bai ƙaru ba, kamanninsa ne ya sāke, ɗan canji kuma ya cire ladarsa. Haka batir ke ba da ƙananan kuɗi, wato bolt 12, akwati ya mayar da su manya, wato bolt 220. Ladar da yake cirewa ta kai wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ita ce zafin nan da kake ji a jikinsa. Akwatin bai taɓa haifar wuta ba. Abin da ke cikin batir shi ne iyakar arzikinka.

Batir ya riga waya zuwa ƙasarmu

Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a 1836. Garin ya yi fiye da shekara ɗari ba abin da ke haska darensa sai farin wata, da wutar kara, da fitilar mai. Ko a 1945, da ambaliyar gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi aka tashi aka koma kan tudu, talaka bai san ƙwan lantarki a ɗakinsa ba. Amma mota ta riga ta shigo. A zamanin gyaɗa manyan motoci suna ɗibar buhuna zuwa Kano, inda jirgin ƙasa yake. Kowace mota kuwa da batirinta. Ashe wutar Edison ta riga wutar Tesla isowa ƙauyukanmu.

Bayan samun mulkin kai a 1960 aka kama neman lantarki ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce waya. Aka kafa NIGELEC a 1968, shekarar da Najeriya ta gama madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. A 1976 aka ja babbar waya daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Maraɗi kuwa ta ci gaba da dogara da injunan gazuwal, sai a 1994 waya ta taso daga Katsina ta biyo ta Gazawa, ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Manoman Jiratawa sun san darajar wannan wuta. Tun farkon shekarun 1980, da aka gyara musu fadamar noman rani, famfunan lantarki ne ke jawo musu ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. In wuta ta ɗauke, shuka ce ke jin ƙishirwa.

Hanya ta biyu ita ce rana da batir. A 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a makarantun kewayen Yamai. Makarantun ƙauye ba su da waya, sai batir. A 1968 aka gwada cika shi da farantin hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai, tun duniya ba ta saba da abin ba. Ofishin binciken ƙarfin rana, wato ONERSOL, an kafa shi a 1965, Farfesa Abdu Mumuni kuma ya shugabance shi daga 1969. Shi ne aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Talakawa su ma ba su zauna jira ba. Tambayi dattawan garinku. Za su ba ka labarin tsohon batirin mota da ake ɗaurawa a bayan keke, a kai gari a cika, a komo da shi a kunna rediyo mai kaset ko ƙaramar talabijin fari da baƙi. Waɗannan kaya bolt 12 suke ci kai tsaye, ba su bukatar ɗan canji. Amma daga baya kaya suka yawaita: talabijin mai launi, fanka, injin aski, kwamfuta. Daga 2001 kuma salula ta fara bazuwa, kowa yana neman inda zai cika tasa. Yawancin kayan nan don soket na bango aka yi su. Nan ne akwatin juya wuta ya samu kasuwa.

Sai kuma abin da ya faru a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasarmu ke sha. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga zaman duhu da ɗauke wuta, sai cikin 2024 aka janye takunkumin. A watannin nan mutane da yawa suka juya ga batir, da farantin rana, da wannan akwati. Wanda ya san lissafinsa ya amfana. Wanda bai sani ba ya sayi sabon batir.

Lissafi kafin ciniki

Kai da ka koyi karatu da lissafi, ga ranarsu. A jikin kowane kayan lantarki akwai lamba da harafin W a gabanta. Wannan wat ke nan, yawan wutar da abin ke ci. A jikin batir kuma akwai lamba da haruffan Ah, wato girman rumbunsa. Ƙaramar mota takan ɗauki mai wajen 60.

Ga ƙa'ida mai sauƙi ga batir mai bolt 12. Tara wat na kayanka duka, ka raba da 10. Abin da ya fito shi ne amfa nawa za a riƙa ja daga batir, har da ladar ɗan canji. Misali: talabijin wat 60, fanka wat 50, ƙwai biyu masu wat 10 kowane. Jimla 130. Raba da 10, amfa 13 ke nan. Batir mai Ah 60 zai kai rabi cikin awa biyu da ɗan wani abu. Batirin mota kuwa in ya kai rabi, ba lalle ya tayar da injin da safe ba, kuma in ana yawan kai shi can, mutuwa zai yi da wuri. Ka tuna, dokin sukuwa ne. In zaman gida kake so, sayi batirin da aka yi don sola, shi ne raƙumin.

Yanzu gwada dutsen guga mai wat 1000. Amfa 100 ke nan. Altanaton ƙaramar mota da yawa iyakarsu ke nan ko ba su kai ba, balle in mota tana tsaye injin yana aiki a hankali. Saboda haka dutsen guga, da abin tafasa ruwa, da murhun lantarki, ba kayan mota ba ne.

In ka je saye, duba abu biyar.

Na ɗaya, bakin shiga. 12V na ƙaramar mota ne, 24V na babba. In ka sa na 12 a babbar mota zai ƙone. Kada kuma ka ja daga batir ɗaya cikin biyun, za ka lalata su duka.

Na biyu, bakin fita. Nemi 220V ko 230V. Cikin kayan gwanjo akwai na Amurka masu 110V ko 120V, waɗannan ba na kayanmu ba ne.

Na uku, lambar wat. Sau da yawa babbar lambar da ke kan kwali ta ƴan sakan ce kawai. Nemi ƙaramar, wadda akwatin ke iya ɗauka yana ta aiki. Ta fi jimlar kayanka da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ke da injin a ciki, kamar firji ko famfo, yakan ja ninki uku ko fiye a lokacin tashi.

Na huɗu, irin wutar. Mai araha yana fitar da wuta mai tsalle kamar hawan matakala. Ƙwan fitila bai damu ba, amma fanka za ta yi gurnani ta yi zafi, firji da kayan asibiti kuma suna iya lalacewa. Mai tsada yana fitar da wuta mai laushi irin ta NIGELEC, a kwalinsa akan rubuta "pur sinus" da Faransanci. Araha ba ta ado.

Na biyar, tambayi ko yana kuka ya kashe kansa in batir ya yi ƙasa, ko in kaya sun yi masa yawa.

In kuwa salula kaɗai za ka cika, ajiye kuɗinka. Ƙaramin abin caji na ramin kunna taba ya isa, ba sai ka biya ɗan canji sau biyu ba.

Inda haɗari yake

Ramin kunna taba siririyar waya gare shi, fis ɗinsa galibi amfa 10 ko 15. Kada ka ɗora masa abin da ya wuce wat 120 zuwa 150. In fis ya ƙone, sa irinsa. Wanda ya naɗa waya ko takardar kwalin taba a madadin fis ya cire wa motarsa mai gadi.

Babban akwati a batir ake haɗa shi kai tsaye, da waya mai kauri kuma gajera, da fis kusa da kan batir. Siririyar waya in amfa 50 suka bi ta, zafi za ta yi, robarta ta narke, mota ta kama. Ja a kan alamar +, baƙa a kan alamar −. Kashe akwatin kafin ka haɗa. In ba ka tabbata ba, kai wa mai gyaran lantarkin mota. Matambayi ba ya ɓata.

Batir in yana cika yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Kada a sha taba a kansa. Kada kuma ka ajiye akwatin kusa da jarkar mai, don yakan yi tartsatsi.

Ba shi iska. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa. Kada ka bar shi a rana, kada ka rufe shi da bargo ko buhu, ka riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe masa kafofi.

In za ka bar injin yana aiki don batir ya riƙa cika, fitar da motar fili. Hayaƙin mota yana ɗauke da guba marar launi marar wari. A rufaffen gareji ko zaure yana sa mutum barci, barcin da ba a tashi.

Kada ka taɓa haɗa akwatin da wayar gidan da ke haɗe da NIGELEC. Wutarka za ta bi waya ta fita, ta iya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton an yanke. In wutar gari ta komo kuma, akwatin ne zai fashe.

Na ƙarshe, kada ƙanƙantar batir ta ruɗe ka. Ka saba taɓa kan batir ba abin da ya same ka. Amma abin da ke fitowa daga bakin akwatin bolt 220 ne, yana kisa kamar na bango. Jiƙaƙƙen hannu kada ya taɓa shi, ruwan sama kada ya same shi, yara kuma a nisanta su. In an gama aiki a kashe shi, don ko ba a sa masa kome ba yana lasar batir a hankali.

To, mai karatu, ka ji asalin abin. Gardamar Edison da Tesla ce ta bar mu da wuta iri biyu, akwatin nan kuma shi ke sasanta su a cikin motarka. Ga ɗan aiki kafin fitowa ta gaba. Wani mai aski a kasuwar Tsibiri yana da injin aski mai wat 15, da fanka mai wat 45, da ƙwai ɗaya mai wat 10. Batirinsa mai bolt 12 ne, Ah 70. Amfa nawa zai riƙa ja? Awa nawa zai yi kafin batir ya kai rabi? Yi lissafin a allonka, ka nuna wa malaminku. In kuma kana da ɗan'uwa direba wanda bai samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba, karanta masa wannan tun bai kai kuɗinsa kasuwa ba.

Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.